Ido, Hankali da Gaskiya

Matafiyin da ya bi hanyar Jahun zuwa Miga da tsakar ranar bazara yakan hangi ruwa kwance a gabansa, in ya iso sai ya tarar kawalwalniya ce. Ido ya ba da shaida, hankali ya ƙaryata shi. To, in hankali ne alƙalin ido, wane ne alƙalin hankali? Wannan tambaya ita ce ta dami Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ita kuma Bafaranshen nan Descartes ya sake tayarwa a 1641. Muhimmancinta kuwa a fili yake. Alƙali mai sauraron shaidu, da ma'aikaci mai sa hannu a rahoto, wajibi ne kowannensu ya rarrabe abin da ya sani da abin da yake zato.