Tsofon armuwar, sabon fenti



Kaka ta yi, bukukuwa sun matso. Mai aurar da ɗiya ya san tsadar sabon armuwar, wanda amarya ke jera kwanoninta ciki. In aljihu bai kai ba, na hannu ma yana yi.

Kafin ka biya, ƙwanƙwasa katakon, musamman ƙafafu da baya. In gari na zubowa daga ƴan ramuka, ƙwari sun ci shi. Bar shi, kome araharsa.

In katako lafiya yake, a wanke shi da sabulu, sannan a goge tsofon fentin da takarda mai yashi. To, nan ku buɗe kunne. Wani tsofon fenti akwai darma cikinsa. Ƙurarta guba ce, ta fi cutar ƙananan yara. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, har karatu ya yi wa yaro wuya. Saboda haka a jiƙa wurin kafin a goge. A yi aikin a waje, nesa da madafa, da yara, da mai ciki. Kada a babbake fentin da wuta. An gama, a wanke hannu. Wajen sayen sabon fenti, ku da kuka iya karatu ku duba gwangwani: "sans plomb" na nufin babu darma.

Launi kuwa, kada ku ji kunya: ja wur, kore shar. Ni dai shuɗi, don farin kwano ya fi fitowa kansa. A shafa kaɗan-kaɗan sau 2, a bar kwana 1 tsakani. Ran da ƙurar hunturu ta taso, a dakata, tana manne wa ɗanyen fenti.