JAWABI A KAN GIYA DA GIDAN MASHAYI

Dattawa, iyayenmu mata, 'yan'uwa samari, mun gode da kuka ba mu wuri mu yi magana, ko da yake mu yara ne a gabanku.

Mu masu koyarwa a lakwal, mu ne muke fara ganin aikin giya, tun ba ta kai mai shanta gidan likita ba. A fuskar yara muke ganinsa. Yaro ya zo da safe ko koko bai sha ba, ya kifa kai bisa tebur yana barci. In muka tambaya sai ya ce jiya ba a runtsa ba a gidansu, baba ya komo da tsakar dare. Akwai yaron da muka aika a kira ubansa har sau 3, uwar ce ta zo, ta rufe gefen fuska da mayafi. Ba mu tambaye ta ba, ita ma ba ta faɗa ba.

To, jama'a, ga abin da ya kawo mu. Giya in ta kama mutum ta zama ciwo, ciwo kuwa magani ake nema masa. Mu kuma sai mu ɓoye shi don kunya, alhali barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Ko burkutu ce ko ta kwalba, guba ɗaya ce a ciki, kuma hanta ce take fama da ita. Da fari hanta ta yi kitse, sa'an nan ta kumbura, daga baya ta ƙandare. A nan ne ido yake yin rawaya, ciki ya cika da ruwa, wani har ya yi aman jini. Wanda dama yana da ciwon hanta irin na B, wanda ya yi yawa a ƙasashenmu, giya tana gaggauta masa. Tana hau da jini, tana kawo ciwon daji a baki da maƙogwaro, mace mai ciki kuma in ta sha, da ɗan cikinta suka sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum miliyan 2 da dubu 600 da giya ta yi sanadinsu a shekara ta 2019, kamar miliyan 2 daga cikinsu maza ne. Ku tuna iyalin da kowanensu ya bari.

Amma ku ji wannan da kyau. Wanda ya shekara da shekaru yana sha kullum, kada a kulle shi a ɗaki a ce ya bari yau yau. Kafin kwana guda hannu zai kama rawa, gumi ya karyo, cikin kwana 2 ko 3 wani ya faɗi yana farfaɗiya, ko ya riƙa ganin abin da babu, har rai yana iya fita. Ba iska ba ce, jiki ne da ya saba. A kai shi wurin likita, akwai maganin da ake ba shi ya wuce kwanakin nan lafiya.

Saboda haka muna roƙo. Dattawa, ku same shi da safe yana cikin hankalinsa, ba a bainar jama'a ba. Ran da aka biya albashi ko aka sayar da gyaɗa, a fid da kuɗin hatsi a ba uwargida tukuna. Matar da ake duka, danginta su ɗauke ta da 'ya'yanta, kada a ce ta yi haƙuri. Samari, mu daina yi masa dariya a hanya, in ya bari mu ja shi cikin hirarmu, in ya koma mu sāke ɗago shi, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yaron nan yana nan ajinmu, gobe ma zai zo. Allah ya ba ubansa lafiya, ya tsare mu baki ɗaya. Wassalam.