Awon Gubar Dalma a Ruwa da Jini: Darasin Zamfara ga Jega, Aliero da Maiyama



A shekarar 2010 yara suka riƙa suma da farfaɗiya a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. An ba su maganin zazzaɓin cizon sauro, an ba su na sanƙarau, shiru. Sai da aka auna jininsu gaskiya ta fito: gubar dalma ce, daga duwatsun zinarin da ake daka ana niƙa a tsakar gida. Yara fiye da 400 suka rasu.

Na'urar da ma'aikatan lafiya suka shiga da ita ƙauyukan Dareta da 'Yargalma, wato LeadCare II, batir take ci, mutum ɗaya ke ɗaukarta. Sai an wanke yatsan yaro da sabulu tukuna, don ƙurar da ke fata tana ɓata sakamako. Sannan a ɗebi ɗigo biyu na jini, a gauraya da wani ruwa mai tsami da ke fasa ƙwayoyin jinin ya saki dalmar, a ɗiga a kan wani ɗan falle mai tsinkayen lantarki.

Lantarki ne ke janyo dalmar ta taru a jikin tsinken, kamar yadda zinari ke kwanciya a gindin kwanon mai rairaya. Daga nan a juya lantarkin, dalmar ta saku. Matakin da ta saku shi ke nuna wane ƙarfe ne, domin dalma da kadmiyom da tagulla kowanne da nasa; ƙarfin lantarkin da ya fita kuwa shi ke nuna yawanta. Minti uku an gama. Tushen wannan ilimi aikin Jaroslav Heyrovský ne a birnin Prague a 1922, wanda ya kai shi ga lambar Nobel a 1959.

Iyakar na'urar maikrogiram 65 ne a kowace desilita ta jini, amma na yara da dama a Zamfara ya zarce haka. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tun daga 5 take cewa a bi sawun gubar, ruwan sha kuma kada ya wuce maikrogiram 10 a lita.

Me ya haɗa Jihar Kebbi da wannan? Gulbin Zamfara ta Jega yake ratsawa, ana haƙar zinari a ƙasar Yauri, manoman albasa na Aliero da Maiyama kuma da ruwan fadama da na rijiya suke ban-ruwa. Dalma ba ta sauya wa ruwa launi ko ɗanɗano, tafasawa ma ba ta kawar da ita. Awo kaɗai ke tona ta.

Jami'ar kimiyya da fasaha tana Aliero tun 2006, da ɗaliban kimiyyar sinadarai. Gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin Jega, Aliero da Maiyama su saya mata kayan awon ruwa, ta riƙa zagaya rijiyoyi da gulbi rani da damina, ta miƙa wa hakimai da asibitoci sakamakon da Hausa.