Yaba Kyauta Tukwici: Jawabin Shugaban Kwamitin Asusun Taimako a Bikin Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya

 

Iyayen ƙungiya, malamanmu, shugabannin rassa, Alhazai da Hajiyoyi, da 'yan uwa fatake da kuka taso daga Maradi da Katsina da Kano da Ƙonni da Illela da Damagaram, sannunku da zuwa. Allah Ya mai da kowa gida lafiya.

An ba ni 'yan mintoci in yi magana a kan asusun taimako, ni kuma na zaɓi in yi ta a kan godiya, wato yadda ya kamata ƙungiya irin tamu ta riƙa gode wa masu zuba kuɗi a asusun da masu yi masa hidima da jikinsu. Dalilina shi ne, asusun nan ba shi da gona, ba shi da shago. Abin da ke hannun jama'a shi ne jarinsa, ranar da suka janye hannu kuwa ya mutu.

Kowa a nan ya san lokutan da aka fi buƙatarsa. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ba sai Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai aka sake rufewa, motoci suka yi jerin gwano a Jibiya da Illela, albasa ta ruɓe a cikin buhu, wanda ya ci bashi ya yi lodi ya rasa inda zai sa kansa. A irin wannan lokaci ne wasu suka ciro daga ɗan abin da ya rage musu suka ba 'yan uwa. Waɗannan mutane suna bin mu bashin godiya, kuma bashi biyansa ake yi.

Godiya ta farko ita ce lissafi. Mu 'yan kasuwa ne, mun san wanda ya ba ka kaya ka sayar masa ba daɗin baki yake jira ba, so yake ka zauna ka ce masa ga abin da aka sayar, ga abin da ya rage. Manyan ƙungiyoyin agaji na duniya a nan suke riƙe mutanensu. A birnin Stokholm na ƙasar Suwidin, wanda ya ba da jini a asibiti akan aika masa saƙon waya ranar da aka ƙara wa mara lafiya jinin nasa. Akwai kuma wata ƙungiya ta Amurka mai suna charity: water da ke haƙa rijiyoyi, ita kuma hoton rijiyar take nuna wa mai bayarwa tare da ainihin wurin da take a taswira. A ƙauyukanmu ma kun sha ganin allo a jikin rijiya ko masallaci ɗauke da sunan wanda ya biya kuɗin aikin. Manufar duk ɗaya ce, mutum ya san inda dukiyarsa ta sauka.

Saboda haka kwamiti yana kawo shawara gaban wannan taro, duk wanda ya ba da wani abu, ko Naira ko Sefa ko buhun hatsi, a ba shi rasit kafin mako ya zagayo. Duk wata uku kuma ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, a ɗauki muryarsa da Hausa a sa a zauren WhatsApp, tun da wani cikinmu boko ya yi, wani lakwal, wani kuma ajami kaɗai yake karantawa.

Sai maganar ambaton suna. A wurin gidauniya an saba sanƙira ya ɗauki lasifika ya ce Alhaji wane ya ba da miliyan kaza, a yi tafi. Hakan yana zaburar da wasu, ba mu musa ba. Amma malamanmu sun sha karantar da mu falalar sadakar ɓoye, kuma akwai masu bayarwa da ba su son ko iyalinsu su sani. Ga kuma mai tallan goro da ta kawo jika biyu, wadda in aka kira nata bayan na mai miliyan sai ta ji kunya, baɗi ta ƙi zuwa, alhali wataƙila ita ta fi jin zafin abin da ta fitar. Mafita ita ce a tambayi kowa tun lokacin karɓa, a faɗi sunanka ko a sakaya? In za a karanta sunaye, a karanta su ba tare da adadi ba, a haɗa kowa cikin addu'a guda.

Haka nan kada godiyarmu ga mai bayarwa ta zama tozarci ga mai karɓa. Matar ɗan uwanmu da ya rasu a hanya, in aka tsayar da ita da buhun shinkafa aka ɗauki hoto aka sa a Facebook, an ci mutuncinta, kuma 'ya'yanta za su girma su gani. Mai bayarwa rasit da rahoto sun ishe shi shaida.

Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici, tukwici kuwa ɗan aike ake ba. Asusun nan yana da 'yan aike da yawa waɗanda sunansu ba ya shiga littafin ma'aji: direban da ya ɗauko gawa daga wata ƙasa bai karɓi ko sisi ba, yaron da ya kwana a asibiti yana jinyar baƙon da ba shi da kowa a garin, wanda ya bar rumfarsa ya wuni tsakanin kwastan da duwan yana neman a saki kayan wani, da matan da ke dafa abincin zaman makoki. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 5 ga Disamba ta kowace shekara domin masu aikin sa kai. Mu ma mu ɗauki ranar, kowane reshe ya tara nasa, shugabanni su taka har gida ko rumfa su yi musu godiya a gaban maƙwabta, a ba su takardar yabo. Kuɗin mai da na abinci da suka kashe a hidima kuwa a mayar musu, domin wannan haƙƙinsu ne.

Akwai iyaka biyu da nake roƙon mu kiyaye. Kada a taɓa kuɗin marayu wajen sayen kambun girmamawa ko kama zauren biki. Mai son a yi haka ya ɗauki nauyi daga aljihunsa. Kuma yawan abin da mutum ya bayar ba zai ba shi ikon zaɓar wanda za a taimaka ba, wannan aikin kwamiti ne bisa ƙa'idar da kuka amince da ita.

A madadin kwamiti, muna godiya ga duk wanda ya taɓa sa hannu, wanda muka sani da wanda ya ɓoye kansa. Allah Ya saka da alheri, Ya mayar da ninkin abin da aka fitar, Ya jiƙan 'yan uwanmu da suka riga mu, Ya tsare mana hanya, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.