Kiwon Kifin Kori a Akwatin Gilashi

Yau maganar kifin kori za mu yi, ɗan ƙaramin dangin tarwaɗa da asalinsa ƙoramun Kudancin Amurka ne, musamman yankin kogin Amazon. Yawancinsu ba su wuce tsawon yatsa ba, jikinsu kuma lulluɓe yake da faranti masu ƙarfi jere biyu.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake sayo ƙwaya ɗaya a jefa a akwati wai ya share ragowar abinci. Wannan zalunci ne. Kori kifin taro ne, a sa shida ko fiye, a ba su abincinsu mai nutsewa ƙasa. A shimfiɗa yashi mai laushi, domin tsakuwa mai kaifi tana cinye gashin bakin da suke lalube da shi. In kun ga ɗaya ya yi sama da gudu ya haɗiyi iska, kada hankalinku ya tashi, ta hanjinsa yake shaƙar ta.

Hayayyafa kuwa damina take bi. Ku canza wani ɓangare na ruwan da mai ɗan sanyi, sai su zaci ruwan sama ya sauka. Mace za ta riƙe ƙwai tsakanin fukafukan cikinta, ta je ta manna su a jikin gilashi, kaɗan-kaɗan. Ku kwashe ƙwan, don iyayen kan cinye su. Cikin kwana 3 zuwa 5 za su ƙyanƙyashe.