Sabuwar Fuska a Kan Tsohon Kabad: Shekara Nawa Aikin Zai Kai?



A Amurka da Kanada akwai wata sana'a da ta yi ƙarfi a harkar gyaran gida, wato sake wa kabad ɗin kicin fuska ba tare da an tumɓuke shi daga bango ba. Ana cire ƙofofi da fuskokin durowa a sa sababbi, a canza hinji da mariƙi, sannan a liƙe duk gefen da ido ke gani da siririn fallen katako ko fomika. Akwatin da ke ciki yana nan yadda yake. Manyan kantuna irin su Home Depot suna karɓar wannan aiki, kuma abin da ke jan hankalin masu gida shi ne sauƙin kuɗi da saurin gamawa, domin cikin 'yan kwanaki uwargida ta koma girkinta. Tambayar da wannan takarda ta sa a gaba ita ce: shekara nawa aikin zai kai?

A 2007 ƙungiyar magina gidaje ta Amurka, NAHB, ta fitar da rahoto kan tsawon rayuwar kayan gida, inda ta ce kabad ɗin kicin yana iya kaiwa shekara 50. 'Yan talla suna son wannan adadi ƙwarai. Sai dai lissafin yana farawa ne daga ranar da aka haɗa akwatin, sabuwar ƙofa ba ta mayar da shi baya. Kabad ɗin da ya shekara 30 yana ɗauke da tukwane, ko an yi masa kwalliya, ɗan shekara 30 ne.

Don haka abin dubawa na farko shi ne da me aka yi akwatin. Filawud yana jure jiƙa sama-sama, ya bushe ya ci gaba da aiki, kuma yana riƙe sukuru da kyau. Allon da aka matse daga ɓarɓashin katako da gam kuwa, da zarar ruwa ya shige shi sai ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi, kuma ko ya bushe ba ya komawa yadda yake. Allon MDF ma ba ya shiri da ruwa, musamman ta bakin da aka yanka. Wurin da asiri ke fara tonuwa shi ne ƙarƙashin wurin wanke-wanke, inda famfo ke ɗiga a ɓoye wata da watanni babu wanda ya lura. Kafintan kirki can yake fara durƙusawa, ya danna allon da yatsa, ya shinshina ko akwai warin funfuna, kafin ya buɗe baki ya faɗi kuɗin aiki. In allon ya lotsa, sukurun sabon hinji ba zai sami abin kamawa ba, ba da jimawa ba ƙofa za ta fara saki.

Ita ma fuskar suna ta tara. Fomika tsohuwar hannu ce: a 1913 Daniel O'Conor da Herbert Faber suka kafa kamfaninta a birnin Cincinnati, kuma har yau tana cikin abubuwan da suka fi jure karce da tabo. Rauninta yana bakin gefe, inda gam ke saki. Fallen katako ya fi kyan gani, ana kuma iya goge shi a sake shafa masa fanishi, amma da taka-tsantsan, don kaurinsa sau da yawa bai kai milimita 1 ba. Wadda ta fi jawo ƙorafi ita ce ledar PVC da ake nannaɗe MDF da ita ta hanyar zafi da matsi. Tana da santsi da sauƙin gogewa, sai dai zafin da ya liƙa ta shi ne kuma ke ɓamɓare ta. Ƙofar da ke maƙwabtaka da tanda, ko wadda tururin butar lantarki ke duka kowace safiya, ita ke fara ɗagowa, kuma in ta ɗago da wuya ta gyaru, sai dai a canza ƙofar.

Ƙungiyar masu ƙera kabad ta Amurka, KCMA, tana da gwajin da take yi kafin ta ba da shaidar inganci. Ana buɗe ƙofa a rufe sau 25,000, haka ma durowa. Ana sa ƙofar cikin zafin da ya kusa digiri 49 na salshiyos da danshin kashi 70 cikin 100 na tsawon awa 24, a kuma ɗiga mata ruwan lemon tsami da kofi da man zaitun a ga ko za su bar tabo. Adadin 25,000 yana da girma a kunne, amma a yi lissafi: ƙofar da ake buɗewa sau 10 a rana za ta cinye shi kafin shekara 7. A gidan da yara ke zarya wurin sukari, ai sau 10 kaɗan ne. Shi ya sa tsuke aljihu wajen sayen hinji ba dabara ba ce.

Batun ya shafe mu a nan ma, tunda kabad ɗin MDF ya cika sababbin gidaje a Kano da Kaduna da Abuja. Yanayinmu ma ya fi gwada kaya: hunturu ya busar da katako ya tsuke, damina ta zo ya buɗe, gam kuma yana shan wahalar wannan kai-komo kowace shekara. Ga gara, ga kuma al'adar kwara ruwa a daɓe lokacin wanke kicin, wadda ke cin gindin duk kabad ɗin da ba a ɗora a kan ƙafa ko dakali ba.

Kira ga kafintoci shi ne su riƙa toshe bakin kowane allo da suka yanka, su bar tazara tsakanin murhu da ƙofar leda, su kuma gaya wa mai gida gaskiya in akwatin ya mutu, ko da hakan zai sa aikin ya suɓuce musu. Mai gida kuma ya fara kiran mai gyaran famfo kafin ya kira kafinta.