Baligin da Ke Cin Abin da Ba Abinci Ba: Jawabi ga 'Yan Kasuwar Aboabo

 

Kowa a nan ya san mai juna biyun da ke kwaɗayin farar ƙasa, wadda a Gana ake kira ayilo. Nata kwaɗayin yakan wuce bayan haihuwa. Yau maganata a kan wani ne daban: baligi mai larurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga, tare da jinkirin fahimta. Irin wannan bawan Allah yakan tsinci gawayi, sabulu, leda, guntun taba, har ƙusa, ya kai baki. Likitoci suna kiran wannan ɗabi'a pika.

Ba aikin aljanu ba ne, ba kuma sammu ba. Wani jininsa ne ya rasa sinadarin ƙarfe, wani ƙamas-ƙamas ɗin abin a baki ne ke kwantar masa da hankali, wani kuwa yunwa ko damuwa ce ta kama shi, bakinsa ya kasa faɗa. Illar kuma babba ce: ƙasa tana kawo tsutsar ciki, leda da tsumma suna toshe hanji, ɓawon tsohon fenti kan ƙunshi dalma mai guba. Ƙaramin batirin agogo in ya maƙale a maƙogwaro yana iya ƙona shi cikin sa'o'i 2.

Saboda kunya da tsoro, iyalai da yawa sukan kulle shi a ɗaki. Ban ga laifin tsoronsu ba, amma wanda aka kulle ba ya koyon gaisuwa, balle roƙon abin da yake so. Abin da za a koya masa shi ne musaya. In kun ga ya tsinci wani abu, kada ku daka masa tsawa, kada ku yi kokawar ƙwacewa, domin firgita kan sa ya haɗiye. Ku miƙa hannu, ku kira sunansa, ku ce, "Kawo." In ya bayar, nan take ku ba shi ƙuli-ƙuli ko ayaba, ku yaba masa. Kalmar ta zama ɗaya daga gida har rumfa, yau da gobe, ko da za a kai watanni. Daga nan a koya masa alamar yunwa, ko da nuna baki da hannu ne.

Masu rumfa, ku kau da batir, maganin ɓera da reza daga inda hannu ke kaiwa. Ku kuma tsawata wa yara masu tsokanarsa: dokar naƙasassu ta Gana ta 2006 ta hana kiran mai naƙasa da sunan wulaƙanci.

Iyalai, ku ɗauki katin inshorar lafiya ku kai shi asibiti a auna jininsa da bayan gidansa. In ya haɗiyi batir ko ƙusa, ko cikinsa ya kumbura yana amai, kada ku jira gari ya waye, kada kuma ku sa shi amai da gangan. Ku kira 112, ko ku garzaya da shi Asibitin Koyarwa na Tamale, ku faɗa wa likita abin da ya haɗiya da lokacin da ya haɗiye shi.